Daga Yarjejeniyar Faris Zuwa Dutsen Dajo: Bunƙasar Mulkin Mallakar Amurka da Yaƙinta da Musulmin Moro (1898–1915)

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda Amurka, ƙasar da ta samu ta hanyar yi wa mulkin mallakar Ingila tawaye, ta wayi gari tana mallakar ƙasashen wasu a ƙetaren teku. An fara da faɗaɗawarta a cikin nahiyarta, aka bi ta kan yaƙinta da Sifaniya da kuma wanda ta yi da mutanen Filifin, sannan aka tsaya a kan abin da ya gudana tsakaninta da Musulmin Sulu da Mindanao. Maƙalar ta nuna cewa an rinjayi waɗannan Musulmi da alƙalami kafin a rinjaye su da bindiga, domin yarjejeniyar da aka ƙulla da Sarkin Sulu a 1899 ita ce ta ba Amurka sararin gamawa da arewa kafin ta juyo kudu.

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar mulkin mallaka, abin da ke fara zuwa zukatan ɗalibai shi ne Ingila da Faransa da Fotugal. Ba kasafai ake sanya Amurka a wannan sahu ba, saboda ta daɗe tana bayyana kanta a matsayin ƙasar da ta fito daga ƙangin wata daula a 1776, don haka ba ta da sha'awar ɗaure wani. Tarihi bai goyi bayan wannan da'awa ba. A cikin shekara guda, wato 1898, Amurka ta haɗiye Hawai, ta karɓi Puerto Rico da Guam da tsibiran Filifin, ta kuma girke sojojinta a Kyuba. Daga cikin mutanen da suka faɗa hannunta a wannan shekara akwai Musulmi masu sarautunsu da alƙalansu da littattafan shari'arsu, waɗanda suka shafe fiye da shekaru ɗari uku suna kare kansu daga Sifaniya. Su ne al'ummar Musulmi ta farko da Amurka ta mulka kai tsaye, kuma sanin yadda ta yi da su yana da amfani ga duk mai nazarin dangantakar Amurka da duniyar Musulmi.

2.0 Faɗaɗawa a Cikin Nahiya

Mulkin mallakar Amurka a ƙetare ci gaba ne na abin da ta saba yi a gida. A 1803 ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a kan dala miliyan 15. A 1823 Shugaba James Monroe ya shelanta cewa ƙasashen Turai su daina sa ran kafa sababbin mallakoki a nahiyar Amurka. A yaƙin 1846 zuwa 1848 ta ƙwace kusan rabin ƙasar Meksiko, har da Kalifoniya, sannan ta sayi Alaska daga Rasha a 1867. Duk waɗannan ƙasashe suna da masu su na asali, kuma da yaƙi da kora da yarjejeniyoyin da ake warwarewa aka raba su da su, har zuwa kisan kiyashin Wounded Knee a watan Disamba na 1890.

An yi wa wannan aiki riga ta aƙida. Tun 1845 wani ɗan jarida, John O'Sullivan, ya yaɗa ra'ayin cewa ƙaddara ce bayyananniya daga Ubangiji Amurkawa su mamaye nahiyar baki ɗaya. Da aka kai bakin tekun Fasifik, sai tambaya ta zama: ina kuma aka dosa? Abubuwa uku suka ba da amsa. Na farko, tattalin arziki: masana'antu da gonaki suna samar da abin da ya fi ƙarfin kasuwar gida, kuma karayar arzikin 1893 ta ƙara wa 'yan kasuwa kwaɗayin kasuwar Sin. Na biyu, dabarun soja: a 1890 hafsan sojan ruwa Alfred Thayer Mahan ya wallafa littafinsa a kan tasirin ƙarfin teku a tarihi, inda ya nuna cewa babu babbar daula sai da rundunar ruwa, rundunar ruwa kuwa tana buƙatar tashoshin shan gawayi a tsakiyar teku. Na uku, ra'ayin fifikon jinsi da na mishan, wanda ke ganin mulkar sauran al'ummu a matsayin yi musu alheri. Gwajin farko ya auku a Hawai, inda attajiran rake 'yan asalin Amurka suka kifar da Sarauniya Liliuokalani a watan Janairu na 1893, sojojin ruwan Amurka suna tsaye a bayansu.

3.0 Yaƙin 1898 da Yarjejeniyar Faris

Mutanen Kyuba sun ɗaga tutar tawaye ga Sifaniya a 1895, ita kuma ta mayar da martani da tattara mazauna karkara a sansanoni, inda yunwa da cuta suka hallaka dubbai. Jaridun Amurka suka yi ta rura wutar al'amarin. Ranar 15 ga Fabrairu 1898 jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya fashe a tashar Habana, mutum fiye da 260 suka mutu. Ba a tabbatar da hannun Sifaniya ba, amma a watan Afrilu aka shelanta yaƙi da sunan 'yantar da Kyuba.

Abin lura shi ne karon farko na wannan yaƙi ya auku ne a ɗaya gefen duniya. Ranar 1 ga Mayu, George Dewey ya ragargaza jiragen Sifaniya a mashigin Manila. A lokacin mutanen Filifin suna cikin nasu gwagwarmayar. Jagoransu Emilio Aguinaldo ya dawo daga gudun hijira a jirgin Amurka, dakarunsa suka kewaye Manila, ya kuma shelanta 'yancin ƙasarsa ranar 12 ga Yuni. Amma da lokacin miƙa birnin ya yi a watan Agusta, sai Sifaniyawa da Amurkawa suka daidaita a tsakaninsu, aka hana dakarun Filifin shiga.

Ranar 10 ga Disamba 1898 aka sa hannu a Yarjejeniyar Faris. Sifaniya ta janye daga Kyuba, ta miƙa Puerto Rico da Guam, ta kuma miƙa Filifin aka biya ta dala miliyan 20. Babu ɗan Filifin ko ɗaya a teburin. Taswirar da aka zana ta haɗa da Mindanao da Sulu, inda ikon Sifaniya bai wuce 'yan sansanoni a bakin gaɓa ba. Ɗalibin fiƙihu zai gane wannan ciniki nan take: mutum ne ya sayar da abin da bai gama mallaka ba, mai saye kuma ya ɗauki takardar ciniki a matsayin hujja a kan masu dukiyar.

Ba dukan Amurkawa suka yarda ba. An kafa ƙungiyar masu adawa da mulkin mallaka a Boston a 1898, cikin waɗanda suka shige ta akwai attajiri Andrew Carnegie da marubuci Mark Twain da tsohon shugaban ƙasa Grover Cleveland. Da ƙyar Majalisar Dattawa ta amince da yarjejeniyar ranar 6 ga Fabrairu 1899, da ƙuri'a 57 a kan 27.

4.0 Yaƙin Filifin

Kwana biyu kafin wannan ƙuri'a, faɗa ya ɓarke a gefen Manila tsakanin waɗanda jiya suke ƙawance. Mutanen Filifin sun gudu ba su tsira ba. Bayan an karya rundunarsu a fili, suka koma yaƙin sari-ka-noƙe, Amurka kuma ta ɗauki irin matakan da ta la'anci Sifaniya a kansu a Kyuba. A lardin Batangas, Janar J. Franklin Bell ya tattara jama'a a sansanoni. An azabtar da fursunoni ta hanyar ɗura musu ruwa har ciki ya kumbura. A tsibirin Samar, bayan harin Balangiga na Satumba 1901, Janar Jacob Smith ya ba da umarnin kashe duk wanda ya haura shekara goma. An gurfanar da shi, hukuncinsa kuwa bai wuce tilasta masa ritaya ba. An kama Aguinaldo a watan Maris na 1901, sannan Shugaba Theodore Roosevelt ya shelanta ƙarshen yaƙin ranar 4 ga Yuli 1902. Amurka ta rasa soja kimanin 4,200, yayin da masana tarihi ke ƙiyasta cewa fararen hular da yaƙi da yunwa da annoba suka ci sun kai aƙalla 200,000.

A daidai wannan lokaci aka shimfiɗa wa daular tubalinta na shari'a. Kotun Ƙoli ta yanke a 1901 cewa ana iya mallakar yanki ba tare da kundin tsarin mulki ya yi aiki a cikinsa baki ɗaya ba. An tilasta wa Kyuba sanya wa Amurka haƙƙin tsoma baki a cikin tsarin mulkinta, aka kuma karɓi hayar Guantanamo a 1903. Shelar Roosevelt ta ƙarshen yaƙi kuwa ta keɓe yanki guda a fili: ƙasar Musulmin kudu.

5.0 Musulmin Sulu da Mindanao

Musulunci ya isa Sulu ta hanyar fatake da masu wa'azi tun ƙarni na 14. Ruwayoyin ƙasar suna ambaton Karimul Makhdum cikin na farkon masu kira, da Sharif Abubakar, wanda aka yi wa laƙabi da Shariful Hashim, a matsayin wanda ya kafa sarautar Sulu a ƙarni na 15. A Mindanao, Sharif Kabungsuwan ne ya aza harsashin sarautar Maguindanao a farkon ƙarni na 16. Ita kanta Manila tana hannun wani basarake Musulmi, Raja Sulaiman, lokacin da Sifaniyawa suka zo mata, suka mai da ita hedikwatarsu a 1571. Su ne suka raɗa wa Musulmin tsibiran suna Moro, sunan da suke kiran Musulmin Andalus da Magrib da shi, abin da ke nuna da wace irin zuciya suka zo.

Waɗannan al'ummu suna bin mazhabar Shafi'iyya, suna rubuta harsunansu da baƙaƙen Larabci, kuma kundin dokokin Maguindanao da ake kira Luwaran an tsamo shi ne daga littattafan fiƙihun Shafi'iyya aka haɗa da al'adar ƙasa. Sai dai ba su kasance ƙarƙashin tuta ɗaya ba. Akwai Tausug a Sulu, da Maguindanao a kwarin Cotabato, da Maranao a kewayen tafkin Lanao, kuma kowane datu, wato hakimi, yana da mabiyansa da ganuwarsa da abokan gabarsa. Haka nan bauta da farautar bayi ta teku suna cikin tsarin rayuwarsu. Waɗannan abubuwa biyu, rarrabuwa da bauta, su ne ƙofofin da Amurka ta shiga ta cikinsu.

6.0 Yarjejeniyar Bates

A 1899 Amurka ba ta da ƙarfin yaƙi a fuska biyu, don haka ta nemi kwantar da kudu. Ta fara ta hanyar Santambul. Jakadanta a can, Oscar Straus, ya roƙi Sarki Abdulhamid na Biyu da ya yi amfani da matsayinsa na halifa ya shawarci Musulmin Sulu kada su haɗa kai da Aguinaldo. Kamar yadda Straus ya ruwaito da kansa, ya kafa hujja da tsohuwar yarjejeniyar Amurka da Tarabulus ta ƙarshen ƙarni na 18, wadda ta bayyana cewa gwamnatin Amurka ba a kan addinin Kirista aka gina ta ba kuma ba ta gaba da Musulmi. Sarkin ya amsa, ya aika saƙo ta hannun wasu manyan Sulu da ke Makka.

Ranar 20 ga Agusta 1899, Janar John C. Bates ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Sulu Jamalul Kiram na Biyu. Amurka ta yi alƙawarin mutunta addini da al'adu, da barin sarki ya hukunta laifuffukan da ke tsakanin mutanensa, da biyan sa albashi kowane wata shi da wasu hakimansa. Matsalar tana cikin sakin layi na farko. Nassin Ingilishi ya ce an tabbatar da cikakken ikon mallakar Amurka a kan tsibiran, alhali masu nazarin nassin Tausug sun nuna cewa kalmomin da aka yi amfani da su a cikinsa sun fi kusa da ma'anar taimako da kariya. Sarkin ya ɗauka ya sami majiɓinci irin wanda sarakunan Malaya suka samu, Amurka kuwa ta ɗauka ta sami talaka. Majalisar Dattawa ba ta taɓa tabbatar da yarjejeniyar ba, kuma amincewar da Shugaba McKinley ya yi mata ta zo da sharaɗi a kan batun bauta.

Shigo-shigo ba zurfi ke nan. Da aka gama da arewa, sai aka kafa Lardin Moro a 1903 a ƙarƙashin mulkin soja, hedikwatarsa a Zamboanga, aka naɗa Janar Leonard Wood gwamna. A watan Maris na 1904 Amurka ta soke yarjejeniyar ita kaɗai, bisa hujjar cewa sarkin ya kasa tabbatar da zaman lafiya.

7.0 Daga Lanao Zuwa Bagsak

Wood da John J. Pershing, wanda ya zama gwamna daga baya, duka sun koyi aikinsu ne a yaƙe-yaƙen Amurka da 'yan asalin ƙasarta. Wood ya yi suna ne a farautar Geronimo a 1886. Da wannan ido suka kalli Musulmin Moro. Tun kafin kafa lardin an gwabza a Bayang a watan Mayu na 1902, Pershing kuma ya bi ganuwoyin tafkin Lanao yana rushewa da igwa har cikin 1903. Wood ya haramta bauta, ya rage ikon kotunan gargajiya, ya kuma ɗora harajin kai. Haramta bauta abu ne da ba a musun alherinsa, amma yadda aka haɗa shi da rushe ikon hakimai ya sa mutane suka fahimce shi a matsayin wani ɓangare na mamaya. Harajin kuwa, da yawa sun ɗauke shi a matsayin alamar miƙa wuya ga wanda ba Musulmi ba. Panglima Hassan ya yi tawaye a Sulu aka kashe shi a 1904. Datu Ali ya yi a Cotabato aka kashe shi a 1905. Wasu ɗaiɗaikun mutane kuma suka riƙa afka wa sojoji da takobi har sai an kashe su, abin da mutanen Sulu ke kira farang sabil, daga lafazin Larabci na fi sabilillahi.

Mafi munin abin da ya faru shi ne na Dutsen Dajo, wani mataccen dutse mai aman wuta a tsibirin Jolo. Ɗaruruwan mutane, maza da mata da yara, sun hau cikin ramin da ke ƙolinsa suka zauna, har suka yi shuka, suna gudun haraji da sabon tsari. Daga 5 zuwa 8 ga Maris 1906 sojojin Wood suka hau da igwa da bindiga mai sarrafa kanta. An kashe tsakanin mutum 800 zuwa 1,000, ƙalilan ne suka tsira, yayin da Amurka ta rasa soja kimanin ashirin. Wood ya kare kansa da cewa matan sun yi shigar maza suna yaƙi, an kuma yi garkuwa da yara. Roosevelt ya aika masa da saƙon taya murna. Mark Twain ya rubuta kakkausan suka a kan lamarin, kuma hoton sojoji tsaye a kan ramin gawarwaki ya yaɗu a Amurka, amma babu wanda aka hukunta.

A 1911 Pershing ya ba da umarnin karɓe makamai duka, har da takubba, waɗanda a wurin Batausuge alamar mutunci ce. Wannan ya kai ga yaƙin Dutsen Bagsak a watan Yuni na 1913, inda aka kashe ɗaruruwa cikin kwana biyar. Adalci ya wajabta a ambaci cewa cikin dakarun da suka hau Bagsak a ɓangaren Amurka akwai Musulmin Moro da aka ɗauka aikin soja, kuma hakimai da dama sun zaɓi sulhu tun da wuri. A watan Maris na 1915 Sarki Jamalul Kiram ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnan farar hula Frank Carpenter, inda ya sauka daga duk wani iko na mulki, aka bar masa shugabancin addini kawai.

8.0 Abin da Ya Biyo Baya

Bayan bindiga sai dokar ƙasa. An shigo da tsarin rajistar filaye wanda bai san mallakar gandu ta al'ada ba, aka fara kawo manoma Kiristoci daga arewa tun 1913, kuma dokar filaye ta 1919 ta ba Kirista damar mallakar hekta 24, wanda ba Kirista ba hekta 10. A 1935 hakiman Lanao suka taru a Dansalan suka rubuta wa Amurka cewa kada a haɗa su da arewa idan an ba da 'yanci. Ba a saurare su ba. A 1946 aka miƙa Mindanao da Sulu ga gwamnatin Manila. Ƙaurar da ta ci gaba ta mayar da Musulmi tsiraru a Mindanao, kuma daga nan rikicin da ya ɓarke a shekarun 1970 ya samo asali, wanda ya kai ga yarjejeniyar Tarabulus ta 1976, har zuwa kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa a 2019.

9.0 Kammalawa

Abubuwa uku suka fito daga wannan nazari. Na farko, mulkin mallakar Amurka a ƙetare ya gaji hafsoshi da dabaru da hujjojin da aka yi amfani da su a kan 'yan asalin nahiyarta, har da ƙulla alƙawari lokacin buƙata da warware shi lokacin ƙarfi. Na biyu, alƙawarin mutunta addini da aka yi a 1899 an fassara shi da ma'anar ibada kaɗai, aka cire masa shari'a da mulki da ƙasa. Yarjejeniyar 1915 ita ce cikar wannan fassara, domin ta bar wa sarki limanci ta ɗauke sarauta. Na uku, wanda ya fi shafar malamai, shi ne matsayin harshe da sanin halin da ake ciki. Sarkin Sulu ya sa hannu a nassin da ya saɓa wa na abokin yarjejeniyarsa, halifa kuma ya ba da shawara daga Santambul bisa bayanin ɓangare guda. Babin sulhu da alƙawari a littattafan fiƙihu ya yi bayani mai yawa a kan sharuɗɗa da maslaha, amma hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, kuma a Sulu ba a sami wanda ya san harshen Amurka da tsarin mulkinta da zai bayyana wa sarki cewa takardar da ke gabansa ba ta ɗaure Majalisar Dattawa ba. Ya kamata masu bincike su mai da hankali ga wasiƙun da sarakuna da hakiman Moro suka rubuta da baƙaƙen Larabci a wannan zamani, domin mafi yawan abin da aka sani game da yaƙin ya zo ne daga rahotannin waɗanda suka ci nasara. Allah shi ne mafi sani.